Faifan tafsirin Malam: lambobi ɗaya, murya biyu

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Da hantsi Alhaji ya zo shago da kansa, riƙe da kaset uku naɗe cikin tsohon hirami. Tafsirin marigayi Malam ne na unguwarsu, wanda aka ɗauka a masallacin ƙofar gida tun Alhaji yana da baƙin gemu. So yake a mayar da su faifan CD, saiti 40, kowane saiti faifai 3, ya raba sadaka kafin azumi. Na ce, ranka shi daɗe, ai yanzu duk Maraɗi memori ake sa wa waya. Ya ce tsofaffin da yake nufi ba su iya latse-latse ba, amma kowa a cikinsu yana da rediyo mai cin faifai, ko a ɗaka ko a mota. Mun tsaya a jika 60, ya ba da 30 kafin alƙalami.

Kaset ɗin sun sha ƙura. Ɗaya ɗan sosonsa da ke tokare zare ya faɗi, na ciro na wani mataccen kaset na manna. Na goge kan rakoda da auduga da alkol, na juya ɗan kusar da ke gefen kan a hankali har sai da harafin "s" na Malam ya fito tas.

Alhamis, 9 ga Janairu

Na gama ɗauko ukun cikin kwamfuta da manhajar sauti ta Audacity. Na ɗauka a ma'aunin da faifan CD ke buƙata, wato awo 44,100 a kowace daƙiƙa, bit 16 (bit shi ne ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta a kwamfuta), hagu da dama. Biyu kaset ɗin minti 60 ne, ba su ba ni wahala ba. Na ukun na minti 90 ne, faifai kuwa minti 80 yake ɗauka. Allah ya taimake ni, ƙarshen gefe na biyu hirar mutane ce da kukan akuya bayan an shafa fatiha, na yanke ya koma minti 77. Na rarraba kowane faifai gida-gida, ba tare da shiru a tsakani ba, don kada a katse wa Malam numfashi a tsakiyar aya.

Shuuu ɗin kaset na bar shi yadda yake. Na gwada rage shi, sai muryar ta koma kamar mai magana cikin tulu.

Asabar, 11 ga Janairu

Kasuwa. Faifai ya yi wuya yanzu, masu sayarwa sun koma caja da gilashin waya. Na samu kwali ɗaya na 50 masu ruwan zinariya a jika 7 da rabi, da kwali biyu na farare marasa suna, waɗanda aka shigo da su ta Jibiya, jika 4 kowanne. Leda da alƙalamin rubutu jika 2. Da dare na buga saiti 10 a kan masu zinariya, gudu 16, wato ninki 16 na saurin da ake saurare da shi. Direban Alhaji ya zo ya ɗauka.

Laraba, 15 ga Janairu

Rasuwa a Tasawa, kwana uku zan yi. Na bar wa yaron shago aiki: saiti 15 a kan fararen. Na nuna masa inda fayilolin suke.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na dawo jiya da dare. Yaro ya gama, har ya kai wa Alhaji. Da safen nan sai ga waya.

"Ɗana, mi kuka yi wa muryar Malam?"

Na ce lafiya, Alhaji? Ya ce na farko da na aiko garau suke, amma na biyun nan kamar an rufa wa Malam bargo. Ana jin maganar, ba a jin kaifinta. Kafin azahar direbansa ma ya biyo da nasa ƙorafin daban. Shi a mota, kan hanyar Ɗan Isa, faifan yana tafiya lafiya sai an kusa ƙarshe ya fara ƙas-ƙas, wani lokaci ya yi tsalle ya haye kalma.

Na karɓi farare biyu daga hannunsa, na ce zan duba. A zuciyata na riga na yanke hukunci cewa na direba ƙura ce a idon rediyon mota, na Alhaji kuwa tsufa ne da ganin launin faifai.

Litinin, 20 ga Janairu

Na sa faifai na ɗaya mai zinariya cikin kwamfuta na kwashe shi da Exact Audio Copy. Na sa farin, shi ma na kwashe. Manhajar tana ba kowane gida wata lamba da take lissafowa daga duk abin da ke cikinsa, wadda ko bit ɗaya ya sauya sai ta sauya. Gida bakwai, lamba bakwai, duk sun yi daidai harafi da harafi. Farin dai ya ɗan ja lokaci wajen gida na shida da na bakwai, na ji na'urar tana rage gudu tana komawa baya, amma ban ba abin muhimmanci ba.

Don in ƙara gamsar da kaina na ɗora fayil biyun a Audacity, na kifa ɗaya, na haɗa su. In sauti biyu ɗaya ne sak, kifaffen yana cinye ɗan'uwansa. Abin da ya rage layi ne miƙaƙƙe, shiru kamar maƙabarta. Na sa su a ƴar DVD ɗin shago ɗaya bayan ɗaya, ban ji wani bambanci ba.

Na kira Alhaji na ce na auna da na'ura, faifan biyu abu ɗaya ne. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, Allah shi kyauta." Ban ji daɗin yadda ya faɗe ta ba.

Laraba, 22 ga Janairu

Babu wuta tun safe. Hazo ya rufe gari. Ban taɓa komai ba.

Juma'a, 24 ga Janairu

Bayan an sauko masallaci Alhaji ya kama hannuna ya ce mu je gida. A falonsa akwai tsohuwar na'urar CD ƴar Japan, irin mai faɗin nan da ake ɗorawa kan ampili, ya ce tun tafiyarsa Makka ta farko ya sayo ta. Ya sa mai zinariya. Malam ya ja a'uziyya, "shaiɗan" ɗin nan ya fito da kaifinsa, ana jin shuuu na kaset a baya, har da tarin wani dattijo can nesa. Ya cire, ya sa farin, bai taɓa maɓallin ƙara ba.

Wallahi bargo ne. "S" da "sh" da "ts" duk sun dushe, shuuu ɗin ya kwanta, tarin dattijon ya koma kamar daga bayan katanga. Ba abu ba ne da sai an kasa kunne. Yarinyar da ta kawo mana ruwa ma da an tambaye ta za ta faɗa.

Ana cewa gani ya kori ji. Ni na ga lambobi da idona, yau kuma ji ya kore su. Alhaji bai ce mini komai ba, sai ya miƙo mini faifan biyu ya ce, "Ɗana, koma ka sake tambayar na'urarka." Na ba shi haƙuri kan maganar ranar Litinin. Na roƙe shi aron na'urar tasa ta kwana goma, ya sa direba ya kawo mini ita shago naɗe da darduma.

Lahadi, 26 ga Janairu

Ƙanena da ke karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ya zo ya wuni. Ya zo da wata tsohuwar na'urar buga faifai ta abokinsa, irin wadda ke iya ƙirga kurakuran da take ci karo da su. Kafin mu auna sai da ya zaunar da ni ya yi mini karatu, zan rubuta abin da na riƙe don kada ya ɓace.

Kamfanonin Philips da Sony ne suka tsara faifan a 1980, ya shiga kasuwa a 1982. Sautin yana kwance a kan layi ɗaya tak da ya naɗe kamar gammo, daga tsakiya zuwa baki, tsawonsa ya haura kilomita 5. Tsakanin zagaye da zagaye siriri ne ƙwarai, gashin kai ɗaya zai rufe fiye da 30. Hasken leza ke bin layin. Waɗanda suka tsara shi sun san ba faifan da zai karantu babu kuskure, ko sabo fil ne. Saboda haka suka yi dabara biyu. Ta farko, ba a jera sautin a jere ba, an warwatsa shi, kamar mai zuwa kasuwa da ya raba kuɗinsa aljihu huɗu. In ƙarzuwa ta ci wuri ɗaya, kaɗan-kaɗan ta ɗiba daga wurare da yawa. Ta biyu, an ƙara lambobin gyara da na'ura ke lissafo abin da ya ɓace da su. Gyaran hawa biyu ne, C1 na ƙananan kurakurai, C2 na waɗanda suka fi ƙarfin na farko. Da su na'ura tana iya cike giɓin da ya kai kamar milimita 2 da rabi a kan layin, ta maido da sautin daidai ba kusan daidai ba.

In ɓarnar ta wuce haka fa? Nan ne abin ya shafe ni. Na'urar falo ko ta mota ba ta da lokacin komawa baya, Malam yana cikin magana. Sai ta dubi awon da ke gaba da na baya ta yi kirdadon na tsakiya. In giɓin ya yi yawa ta yi shiru na ƙiftawar ido, ko ta yi tsalle. Ita kuwa manhajar da na yi amfani da ita, in ta ga wuri ya yi mata gardama sai ta rage gudu ta sake karantawa, ta sake, har sai ta samu amsar da ta tsaya. Wato jan lokacin nan da na ji ranar Litinin wajen gida na shida, shi ne amsar, na toshe kunne. Lambobin da na nuna wa Alhaji shaidar cewa ana iya tono bayanan daidai ne in an yi haƙuri. Ba shaidar cewa rediyon mota mai ƙurar hunturu a ido, yana tsalle a ramuka, zai same su a karo ɗaya ba.

Muka auna. Ƙa'idar faifan ta ce kuskuren C1 kada ya wuce 220 a daƙiƙa. Mai zinariya da na buga: yawanci ƙasa da 10, inda ya fi yawa 31, C2 babu ko ɗaya. Farin da yaro ya buga: ya fara da wajen 40, yana hawa, daga minti na 45 ya haye 220, wajen ƙarshe ya wuce 700, ga jajayen layukan C2 tsaye kamar shinge. Na tambayi yaro gudu nawa ya sa. Ya ce ya bar shi a kan mafi sauri, 48, don ya gama kafin a ɗauke wuta. Ƙanena ya ce na'urar ba ta kai wannan gudun sai can wajen baki, shi ya sa ɓarnar ta taru a ƙarshe, daidai inda direba ya ce.

An gama da maganar direba. Na so in haɗa da ta Alhaji in huta, ƙanena ya ƙi. Ya ce kirdadon na'ura ƙas-ƙas yake kawowa nan da can, ba ya dusar da murya tun daga bisimilla har fatiha, balle a farkon faifan inda kuskuren bai taka kara ya karya ba.

Alhamis, 30 ga Janairu

Na ɗauki fari sabo na buga da hannuna a gudu 16. Awo: C1 bai wuce 90 ba, babu C2. Ba kamar mai zinariya ba, amma yana cikin ƙa'ida. Na sa a na'urar Alhaji. Murya garau, babu bargo.

Na aika wa ƙanena saƙo cewa karatun jami'a ya faɗi, gudu ne ya kawo duka biyun. Na yi barci da daɗi.

Faifai 45 na yaro sun tashi a banza. Araha ba ta ado. Sai na ƙara kwali ɗaya.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Jiya na je ɗaurin aure Tsibiri, na bar wa yaro masu zinariya 6 cikin waɗanda suka rage, na ce gudu 16, kada ya kuskura ya wuce. Na dawo na sa ɗaya a na'urar Alhaji don in ji daɗin aikina.

Bargo.

Faifai mai kyau, gudu 16, na auna C1 ƙasa da 10, lambobin gida bakwai daidai da nawa. Amma bargo. Na fara yi wa yaron faɗa cewa ya taɓa fayilolin, ya rantse bai taɓa ba, kuma lambobi suna bayansa. Da na huce na ce zauna ka buga ɗaya ina kallon hannunka.

Ni in zan buga, fayilolin nake ja in jefa cikin manhaja, shi ke nan. Shi kuwa sai na ga ya buɗe wata ƴar takardar rubutu, irin wadda ake ba manhaja tsarin faifai da ita, sunan kowane gida da inda zai fara. Na ce wannan fa?

"Maigida, so na yi sunan sura ya riƙa fitowa a gilashin rediyon mota. Na samo samfurin a intanet na sauya sunayen."

Na karanta takardar layi-layi. Ƙarƙashin kowane gida akwai kalmomi biyu da ba sunan sura ba ne, ba lokaci ba ne: FLAGS PRE. Na tambaye shi ma'anarsu, ya ce a samfurin ya tarar da su, ya ji tsoron gogewa kada abin ya ƙi aiki. Na goge su, na bar sunayen, muka buga. Murya garau, ga sunan sura yana gudu a gilashi.

Na ba yaron haƙuri rabi. Rabin ya tafi a faifai 45.

Talata, 4 ga Fabrairu

Ƙanena ya kira yana dariya, ya ce karatun jami'a ya tashi. Ga abin da ke ciki. A shekarun farko na CD, wasu masu buga faifai, musamman a Japan, sukan ɗaga siraran sautuka kafin su ɗora a faifai, daga masu kaɗawa wajen sau 3,000 a daƙiƙa zuwa sama, har kusan desibel 10 (ma'aunin ƙarfin sauti ke nan) a can ƙololuwa. Sai su kafa ƴar tuta da ke gaya wa na'ura ta sauke su daidai yadda aka ɗaga. Amfanin shi ne, wajen saukewar ƙarar da na'urorin wancan zamani ke haifarwa ita ma tana sauka. Tutar ba ta cikin sautin. Tana can a wata siririyar hanya ta gefe, tare da lambar gida da ƙirgen mintoci, da kuma teburin da ke farkon faifai. Shi ya sa lambobina ba su gan ta ba, su sauti kaɗai suke ƙirgawa.

Mu ba mu ɗaga komai ba, amma mun kafa tuta. Na'urar Alhaji mai biyayya ce, ta ga tuta ta sauke abin da ba a ɗaga ba. A lissafin ƙanena wajen 5,000 a daƙiƙa, inda "s" da "sh" ke zaune, ragin ya kai desibel 4 da rabi, a 10,000 ya haura 7. Ga bargon nan. Ƴar DVD ɗin shago kuwa ba ta kula tutar ba sam, kwamfutar ma haka, shi ya sa na zauna nan ina rantsuwa.

Abin da ya fi ba ni haushi: a Exact Audio Copy akwai shafi can ƙarshen dama da ke nuna ko faifai yana da tutar. Gilashin kwamfutata ƙarami ne, shafin ya ɓuya, ban taɓa jan sandar ƙasa na leƙa ba. Na mayar da farin faifan na ja. Gida bakwai, "e" bakwai, tun 20 ga Janairu suna zaune suna jirana.

Kwali ɗaya na farare, jika 4. Masu zinariya sun ƙare a kasuwa.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Kawu mai gyaran rediyo, maƙwabcin shagona, ya bi labarin nan tun farko yana shan shayinmu. Shi ya tsaya kan cewa ko an cire tuta, ko an rage gudu, mai zinariya ya fi fari daɗin murya. Ya ce shekara 30 yana wannan sana'a, kunnensa ba ya ƙarya. Bayan abin da ya same ni da Alhaji ban da bakin cewa dattijo ya yi kuskure, sai na ce Kawu mu gwada.

Hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce faifan da ke wahalar da ido yana sa rawar lokaci, awon ba ya fita a kan ƙa'ida. Ƙanena ya ce sautin ba daga faifai yake wucewa kai tsaye zuwa lasifika ba. Yana taruwa ne a wata ƴar ma'ajiya, agogon na'ura yana ɗiba awo-awo, injin da ke juya faifai kuma shi ke bin umarni, in ma'ajiya ta kusa cika ya lafa, in ta yi ƙasa ya ƙara. Kamar randa ce da mai ɗiba da moɗa, ko mai ga-ruwa ya zo da gudu ko da ɗingishi, moɗa ɗaya ce. Kawu bai musa ba. Shi da kansa ya kwance wata matacciyar na'ura ya nuna mana agogon, ɗan ƙarfe kamar ƙwayar wake, an rubuta 16.9344 a jikinsa, wato miliyoyin bugun da yake yi a daƙiƙa. Ƙanena ya buga a waya: 44,100 sau 384. Daidai. Kawu ya yi murmushi kamar shi ya ƙera shi.

Amma ya ce randar da moɗar ai wuta ɗaya suke sha. In ido yana kokawa da mugun faifai, sama da ƙasa, hagu da dama, wuta yake ja, a ƙaramar na'ura kuwa wannan jan yana iya leƙowa cikin sauti. Don ya nuna mana, ya sa ɗaya daga cikin fararen yaro na gudu 48 a ƴar DVD ɗin shago, ya kai ƙarshen faifai inda na bar daƙiƙa biyar na shiru, ya murɗe ampili har ƙarshe. Can ƙasa muka ji wani tsit-tsit kamar gyare. Da mai zinariya bai kai haka ba. A na'urar Alhaji kuwa babu shi ko kaɗan. Wannan Kawu ya ci. Sai dai a ƙarar da mutum zai saurari tafsiri, shuuu ɗin kaset kaɗai ya binne shi.

Sai gwajin. Na'urar Alhaji, ƙara a wuri ɗaya an manne maɓallin da salatif, domin in ɗaya ya ɗara ɗaya ƙara ko kaɗan ne, kunne cewa yake ya fi daɗi. Faifai biyu masu kyau, zinariya da fari, duk gudu 16, babu tuta. Muka rataya zane, yaro yana baya yana jefa dala ashirin sama, abin da ta nuna shi zai sa, ya rubuta. Kawu ya juya baya yana faɗi. Sau 16. Ƙanena ya ce sai ya ci 12 za a yarda ba sa'a ba ce, domin mai kirdado zalla bai cika kai nan ba, ƙasa da sau 4 cikin 100.

Tara ya ci. Ya ce hayaniyar ƴan kabu-kabu ce ta dame shi, muka rufe ƙofa muka sake. Bakwai. Don kada a ce gwajin ne kurma, na sa yaro ya musanya farin da mai tuta ba tare da Kawu ya sani ba. Tun a karo na biyu ya ɗaga hannu ya ce, "Kai, wanga ba shi ne na ɗazu ba." Ya ci takwas cikin takwas, muka tsaya.

Ya tafi yana cewa shi dai in kuɗinsa ne mai zinariya zai saya. Ni ma haka, amma don awon C1, kuma don wanda ya fara da kuskure kaɗan ya fi jure ƙarzuwa da zafin mota kafin ya kai ga kirdado.

Shayi da tsire, jika 2.

Talata, 11 ga Fabrairu

Bugu. Saiti 9. Kowane faifai na goma ina aunawa, kowane saiti ina leƙa shafin dama.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Saiti 8. Biyu sun lalace da aka ɗauke wuta a tsakiyar bugu. Na hana yaro rubuta suna da biro. Ya zaci ƙasan faifai ne abin tsoro, alhali ƙasan roba ce mai kaurin milimita 1.2, bayanan kuwa suna dab da saman, fenti ne siriri kawai ya rufe su. Na ɗauki ɗaya daga cikin matattun na karce samansa da ƙusa, na ɗaga shi a rana, haske ya ratso. Bai sake tambaya ba.

Direba ya kawo motar. Kawu ya goge idon rediyon, audugar ta fito ja. Na ce ya daina barin faifai a gaban gilashi cikin rana, kuma in zai goge ya ja daga tsakiya zuwa baki, kada ya bi zagaye, don ƙarzuwar da ta bi layi ita ce ke cin wuri mai tsawo.

Litinin, 17 ga Fabrairu

An gama. Saiti 40 cif, na saurari farko da ƙarshen kowane faifai na uku a na'urar Alhaji, tunda shi ne mai minti 77 da ke kaiwa baki.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Na kai kaya da na'urar aro. Alhaji ya zaro saiti uku daga tsakiya ya gwada, ya cika jika 30, ya ƙara 5 ya ce na yaro ne saboda sunayen surori. Direba ya je Ɗan Isa ya dawo jiya da sabon faifai, babu ƙas-ƙas.

Na ce a tattaro mini tsofaffin 15 ɗin nan in farfasa. An samu 14. Na goma sha biyar yana wurin Hajiya babba, ta ce ba za ta bayar ba, wai shi ya fi mata daɗi, shuuu ɗin nan na sababbin yana sa mata ciwon kai. Alhaji ya dube ni ya ce ko za a iya yi mata irinsa wanda ba ya tsalle. Na ce ana iyawa, kalmomi biyu ne.

Lissafi: faifai jika 19 da rabi, leda da alƙalami 2, shayi da tsire 2, man babur wajen 3, kuɗin motar ƙanena 1. An kashe 27 da rabi cikin 60. Faifai 53 sun tafi a banza, 45 na farko, 6 masu zinariya, 2 na wuta.

Alhaji ya ce akwai sauran kaset 11 a wurin ɗan Malam a Madarunfa, bayan salla za a karɓo. Waɗannan na ce a yi su kashi biyu, faifai ga tsofaffi, memori ga sauran. Kafin nan zan nemi a taho mini da masu zinariya daga Kano, kwali uku, in kuma tambayi abokin ƙanena ko zai sayar mini da na'urar awon nan. Gobe da safe saitin Hajiya, gudu 16, da tuta.